Na Saye Shi a Kasuwar Barci

A Kasuwar Barci na same shi,
jingine tsakanin matacciyar fanka da tulin takalman gwanjo.
Katakon gefensa ruwan gwal ne, ya soma ɓarewa,
baƙaƙen furanni sun kewaye rubutun
kamar zanen lalle a bayan hannu.
Mai rumfar ya ce dubu biyu.
Na ce ɗari takwas, ya ce albarka.
Na juya, ya kira ni.

Ba kalmomin na saya ba.
Tsaga nake son rufewa,
wadda damina ta bari a bangon shagona
a Unguwar Sanusi, daura da mai faci.
Ƙusa ɗaya ta ishe shi.
Turancina na rasit ne da lambar waya,
wannan kuwa Turanci ne mai doguwar riga,
ban taɓa yi masa sallama ba.

Shekara uku yana bayan kujera.
Duk wanda ya zauna aski a madubi yake hango shi,
haruffan a juye, daga dama zuwa hagu,
har wani yaro ya tambaye ni ko ajami ne.

Wata Laraba aka ɗauke wuta ina tsakiyar kai.
Baba Bityong, tsohon malamin makaranta daga Kakuri,
rabin kansa fes, rabi furfura,
ya juya kujera, ya ɗora tabarau a karan hanci.
Leɓɓansa suka yi ta motsi ba sauti.
Ya ce, Tanimu, ka san abin da ka rataye?
Na ce ado.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wani Bature ne, in ji shi, na zamanin tsohuwar sarauniyarsu,
tun ba a ɗora gadar jirgi a kan kogin nan ba.
Ubansa ya rasu, aka ba shi kwat ɗin uban.
Ya saka, ta zauna masa daidai, kafaɗa da hannu,
babu inda tela zai taɓa.
Nan ya gane an riga an auna shi.
Baiti shida ke nan, duk a kan wannan.

Na ɗauko kujerar katako zan sauke shi.
Wa zai so mutuwa a ƙeyarsa
alhali aska na yawo a maƙogwaronsa?
Baba ya riƙe mini gefen riga.
Bar shi, ya ce. Kai da ke share ƙasa kowace magariba,
wa ya fi ka sani?
Gashin da ka kwashe baƙi shekarun baya
ai na mutanen nan ne da kake kwashewa fari yanzu.

Wuta ta dawo. Na ƙarasa masa.
Ya biya, ya manta canjinsa, naira hamsin.
Na sa ta a ƙarƙashin kwalbar hoda.
Tana nan.

Bai ga ƙarshen damina ba.
Na ji ne a bakin ɗan acaɓa, kwana tara da binne shi.

Jiya wani mutum ya shigo, da tsohuwar hula mai ruwan toka.
Na san hular kafin na san fuskar.
Ya cire, ya zauna, na yafa masa ƙyalle.
Ga kwarin nan a bayan kunnen hagu
inda injin kan yi tuntuɓe,
ga gashin ƙeya da ke murɗewa ta hannun dama,
ga furfura uku, sababbi, sun leƙo.
Hannuna ya san hanya, bai tambaye ni ba.

Ya ɗaga ido cikin madubi.
Wannan allon ya yi kyau, ya ce,
ya dace da fentin bangon. A ina ka samo?

Kasuwar Barci, na ce.
Sunkuyar da kai kaɗan.